Bencin Baya: Rayuwar Malam Yusha'u Dogo, Mai Bishara

Haihuwa da asali

An haifi marigayi Malam Yusha'u Dogo a tsakiyar daminar shekarar 1946, a ƙauyen Gidan Dogo da ke ƙasar Tsafe, cikin lardin Sakkwato na wancan zamani, jihar Zamfara a yau. Mahaifinsa, Dogo ɗan Tanko, Bamaguje ne manomin dawa, wanda bai yi salla ba, bai kuma taka ƙofar majami'a ba har ya bar duniya. Mahaifiyarsa kuwa, wadda babba da yaro ke kira Iya, sana'arta dafa giya, kamar yadda ta gada daga tata uwar. Cikin 'ya'ya bakwai da Allah ya ba su, shi kaɗai ne namijin da ya rayu, kuma da yake ana tsakar noma ya zo, sai aka sa masa suna Nomau.

Iyalan marigayin ne suka ɗora wa mai wannan rubutu, surukinsa, mijin 'yarsa Rifkatu, alhakin tsara wannan tarihi domin taron cika shekara da rasuwarsa. Ba don ya fi kowa ilimi a dangi ba. Malamin firamare ne wanda ƙarin girma ya manta da adireshinsa. An zaɓe shi ne don shi ya fi kowa daɗewa zaune kusa da marigayin, bisa wani dalili marar daraja da za a zo kansa a gaba.

Karatu

A shekarar 1957 wani mai bishara, wato mai wa'azin Kirista, ya buɗe ajin koyon karatu a gindin tsamiyar ƙauyen. Dogo ya ƙi sakin ɗansa, saboda a ganinsa hannu guda da ya bar gona ya fi duk haruffan duniya tsada. Iya ce ta kashe gardamar, ta ɗauki ɗan ƙodago ya maye gurbin yaron a kunya, tana biyansa daga abin da tukunyarta ta kawo. A shekarar 1963 aka nutsar da Nomau a rafin garin, aka yi masa baftisma, ya fito da sunan Yusha'u.

Daga 1966 zuwa 1969 ya yi karatu a makarantar horar da masu bishara da harshen Hausa. Kuɗin makaranta, da na mota, da na takalmin da ya fara sawa a rayuwarsa, duk daga tukunyar nan suka fito, kuma hukumar makarantar, wadda ta haramta giya a babi na farko na ƙa'idodinta, ba ta taɓa shinshina kuɗin ba.

A can ne ya koyi darasin da ya zama jigon wa'azinsa har ƙarshen rayuwa: cewa ɗan Adam ba ya samun ceto ta wurin kiyaye doka ko tara ayyukan kirki, domin doka tana nuna wa mutum dattinsa ne kawai, ba ta da ruwan wanke shi, cewa Allah ne ke karɓar mai zunubi kyauta, saboda Almasihu ya riga ya biya da jininsa, abin da ya rage wa mutum shi ne ya ba da gaskiya, ya miƙa hannu. Wannan shi ake kira alheri. Ya zo na ɗaya a wannan darasi. Ya kuma zo na ɗaya a darasin tsarin ikilisiya, wato jama'ar masu bi, da hukunce-hukuncenta. Malamansa sun yaba masa a kan duka biyun, babu wanda ya hango cewa wata rana za su haɗu a ɗaki guda.

Aiki a ƙasar Bungudu

A farkon 1970 aka tura shi Tungar Marke, wani ƙauyen manoma a ƙasar Bungudu, inda ya tarar da gidaje tara na masu bi suna sujada a rumfar kara. Cikin shekara uku ya gina majami'a ta ƙasa, ya rufe ta da kwano, masu bi suka haura ɗari. Waɗanda suka ji shi a lokacin sun shaida cewa ba a yi mai fayyace alheri kamarsa a yankin ba. Yakan nuna sama ya tambayi manoma wane ne a cikinsu ya taɓa biyan kuɗin ruwan sama, ko wane ne aka ba shi don kyan halinsa. Yakan ce ruwa na sauka gonar mai gaskiya da ta ɓarawon akuya daidai wa daida, aikinka kawai ka fitar da tukunyarka waje.

Shi ɗin dai ne, a shekarar 1974, ya kawo bencin baya. Ga wanda bai san al'adar ba: idan mai bi ya yi laifi, majalisar dattawan ikilisiya takan sa shi ƙarƙashin horo. Ba a kore shi ba, amma zai zauna a benci na ƙarshe kusa da ƙofa, ba ya magana a sujada, ba a miƙa masa Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa don tunawa da mutuwar Almasihu, kuma in ya mutu a wannan hali ba a shigar da gawarsa majami'a. Malam Yusha'u da hannunsa ya sassaƙa bencin daga itacen maɗaci, ya kuma ƙi yi masa majingina, yana cewa mai tuba bai kamata ya ji daɗin zama ba. An zauna a kansa saboda shan giya, da cin kasuwa ranar Lahadi, da halartar kiɗan bori, da zagin miji a bainar jama'a. Bencin bai taɓa yin ƙura ba.

Aure da zuri'a

A shekarar 1971 ya auri Talatu, 'yar wani mai bi daga garin Wanke, mace mai haƙuri wadda ba ta da sha'awar muhawarar tauhidi, abin da ya taimaki auren ƙwarai. Allah ya albarkace su da 'ya'ya, waɗanda za a jera sunayensu a inda aka saba jerawa.

Zuwan Iya

Da Dogo ya rasu a 1976, Iya ta tattaro tukwanenta ta biyo ɗanta Tungar Marke, tare da jikoki uku marayu na 'ya'yanta mata. Ya ce tukwanen ba za su shiga gidan mai bishara ba. Ta ce ita ma ba za ta ci daga kwanon baiko, sadakar majami'a, ba, tana da hannuwa. Wannan ne karo ɗaya tak da aka ji sun yarda da juna. Ta kafa bukka a bakin rafi, ta ci gaba da sana'arta, ta ciyar da marayun.

Tun daga makon farko ba ta fasa zuwa sujada ba. Da yake ba mamba ba ce, ko darajar bencin baya ba ta kai ba, sai takan shimfiɗa buhu a waje, ƙarƙashin taga ta ƙarshe, ta saurari ɗanta. Shekara goma sha shida tana nan, rana da ruwa. Ta nemi baftisma ba sau ɗaya ba, kuma amsar ba ta sauya ba: sai ta bar giya shekara guda cur, ta yi wata shida a ajin baftisma, ta amsa tambayoyi a gaban dattawa, sannan a jira zuwan Rabaran, babban limamin yankin, daga Gusau, domin mai bishara ba shi da izinin yi wa kowa baftisma.

Talatu ta riƙe abin da suka faɗa wa juna a ɗaya daga cikin waɗannan lokuta. Iya ta ce, "Giyar ga da kake ƙi, ita ta kai ka makarantar da anka koya maka ƙinta."

Ya ce, "Inna, ba ni na ce ba. Doka ce."

Ta ce, "To ranar Lahadi ka ce kyauta, ranar Litinin ka ce doka. Wace rana ya kamata in zo?"

 A shekarar 1979 kuma Malam ya sa wani matashin manomi mai suna Bawa a bencin baya shekara guda, saboda ya sayar wa mai dafa giya buhun dawa. Mai dafa giyar Iya ce. A cikin wannan shekara aka haifa wa Bawa ɗansa na fari, aka raɗa masa suna uban yana zaune a baya kamar baƙo. Jama'a sun yaba wa Malam a kan rashin son kai. Bawa kuwa mutum ne mai kyakkyawar tunawa.

Abin da ya faru a watan Agusta 1992

A daminar 1992 ciwon ciki ya kwantar da Iya, kowa ya ga ba tashi za ta yi ba. An aika Gusau, amma rafi ya cika ya raba ƙauyen da hanyar mota, Rabaran ba shi da yadda zai ƙetaro da babur. Wata ranar Alhamis bayan la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, ta sa aka kira ɗanta. Ta ce masa ta ba da gaskiya tun tuni, shi ma ya sani, kuma ba ta da wata shida. Ta tambaye shi, ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Almasihu, wanda yake yawan wa'azi a kansa, wane aji ya shiga kafin a karɓe shi.

Malam Yusha'u ya fita tsakar gida. Akwai babbar tukunyar dahuwa da aka bari a buɗe, ta cika da ruwan saman da aka yi. Ya ɗauki ƙwaryar da ya fara gani, wadda ta kasance ƙwaryar awon giya ce, domin babu wata iri a gidan, ya ɗebo, ya tambayi mahaifiyarsa ko ta gaskata, ta ce ai ya ji, ya zuba mata a ka da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kira ta Hannatu. Shaidu su ne Talatu da wasu dattawa biyu da suka zo neman abin sha suka tarar da wani abin daban. Ta cika kafin Lahadi. Ya binne ta a bayan bukkarta, ya yi mata addu'ar da ake yi wa masu bi.

Hukunci

Da rafi ya janye, majalisar dattawa ta zauna, mutum biyar, Rabaran yana halarta. Shugabanta a lokacin Bawa ne. Laifuffukan uku ne: ya yi baftisma ba shi da naɗi, ya yi wa wadda ba ta shiga aji ba kuma ba ta bar giya ba, ya kuma yayyafa maimakon nutsarwa. Batun ƙwaryar ba ya cikin kundin dokoki, domin masu rubuta shi ba su yi zaton za a kai nan ba, amma shi aka fi daɗewa a kansa.

Malam Yusha'u bai musanta ko ɗaya ba. Aka ce to abu mai sauƙi ne: ya miƙe gaban jama'a ranar Lahadi ya furta cewa abin da ya yi ba baftisma ba ce, ya zauna baya wata uku, ya koma bakin aikinsa.

Ya ce, "In ce na karya doka, zan ce, ko sau goma. In ce ba a yi wa Inna baftisma ba, wanga ba ya fita bakina."

Bawa ya ce, "Malam, kai ka koya muna doka ba ta san uwa ba. Ni kan buhun dawa ɗaya na shekara bisa bencin ga."

Ya ce, "Na tuna."

Bawa ya ce, "Ni ma."

Aka sauke shi daga aikin bishara, aka sa shi ƙarƙashin horo har ranar da zai furta waɗannan kalmomi. Lahadin da ta biyo baya ya shigo, ya wuce kujerar da ya saba zama, ya je ya zauna a kan aikin hannunsa. An ce abin da ya fara faɗa wa Talatu da suka koma gida shi ne, da ya sani da ya yi wa bencin majingina.

Shekarun benci

Ya fita daga gidan mai bishara, ya koma bukkar mahaifiyarsa ya gyara ta. Ya riƙe noma, ranar kasuwar Bungudu kuma yana faci da gyaran keke. A 1993 Talatu ta haifi 'yar auta. Ranar da aka kawo jaririyar majami'a, sabon mai bishara ya tambayi suna, kuma da yake uban ba shi da izinin magana, sai aka jira uwar. Kafin ta buɗe baki aka ji murya daga baya ta ce, "Hannatu." Aka rubuta, domin babu dokar da ta hana sunan. Ita ce ake kira Ummi.

A 1998 mai wannan rubutu ya auri Rifkatu. Uban amarya ya kalli ɗaurin auren daga bakin ƙofa, wani kawu ne ya miƙa ta. Daga nan ne kuma zaman da aka ambata a farko ya soma. Mai wannan rubutu mutum ne da bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba, kuma duk wanda ya makara a sujada ba ya samun wuri sai a baya. Haka ya zama abokin zaman surukinsa Lahadi bayan Lahadi, har baƙi suka riƙa tambaya a asirce wane laifi malamin makarantar nan ya yi da ba ya ƙarewa. Wasu sun ɗauka biyayya ce ga suruki. Barci ne.

Amma daga wurin ana ganin abubuwa. Ana ganin masu bishara uku da suka biyo baya, biyu daga cikinsu ɗalibansa, suna tsaye a gaba suna nuna sama suna tambayar wa ya taɓa biyan kuɗin ruwan sama, mai maganar ta asali yana baya yana gyaɗa kai, wani lokaci leɓensa yana riga su. Ana ganin yadda bayan an tashi, waɗanda nassi ya shige wa duhu ke zagayawa bayan gini su same shi a gindin marke. Ana kuma ganin Lahadin farkon kowane wata, lokacin da faranti ke bin layi-layi da gutsuren burodi da ƙananan kofunan zoɓo, ya iso benci na ƙarshe, a miƙa wa wanda ya makara, a tsallake wanda ya riga kowa zuwa. Daga 2006 mai riƙe farantin babban ɗansa ne, Ishaya, wanda aka zaɓa dattijo. Uban yakan sunkuyar da kai kafin ya iso, don ya rage masa nauyi.

Talatu ba ta gaji da roƙo ba. Takan ce kalmomi ne da ba su kai goma ba, Allah ya san zuciyarsa, Iya kuma tana inda take, furuci ba zai fito da ita ba. Yakan ce ya sani, amma shekara goma sha shida ta yi a bakin taga, ba zai sake fitar da ita waje da bakinsa ba.

Ya kamata tarihi ya ambaci cewa a shekarar 2000 hukuma ta hana giya a faɗin jihar, tukwanen dahuwa suka koma na jiƙa kanwa. Da Iya ta ƙara haƙurin shekara takwas, da ta bar sana'ar ba da sonta ba, ta cika sharaɗin farko, a karɓe ta da waƙa. Marigayin da kansa ya lura da haka, bai kuma yi dariya ba.

Sau ɗaya mai wannan rubutu ya yi ƙarfin halin tambayarsa ko yana ɗaukar zaman nan a matsayin biyan abin da ya yi wa mahaifiyarsa. Ya juyo a fusace, irin fushin malami ga daƙiƙin ɗalibi, ya ce, "Kai ko sauraren wa'azi ba ka yi? Ba biya nike ba. An riga an biya. Zaune kawai nike."

Ƙaura zuwa Gusau

A 2019, bayan hare-haren 'yan bindiga sun yi yawa, mutanen Tungar Marke suka watse. An kwashe shanu, an kwashe kwanon majami'a, bencin maɗaci kuma ba a san a murhun wa ya ƙare ba. 'Yarsa Jummai, wadda ta musulunta ta zama Jamila, ita da mijinta Alhaji Bashar, direban tasha, suka ba tsofaffin ɗaki biyu a Tudun Wada. Alhajin bai taɓa fahimtar rigimar ba. Ya taɓa tambaya ko ba za a iya yanka rago a wuce wurin ba.

Lahadin farko a babbar majami'ar da suka shiga a Gusau, mai tsaron ƙofa ya ga furfura ya ja shi zuwa kujerun gaba. Babu wanda ya san shi, majalisar da ta hukunta shi ta tarwatse, farantin kuma yana kan tebur a rufe da farin ƙyalle. Talatu ta riƙe masa hannun riga. Ya zare hannunsa, ya waiwaya, ya hango a bayan kujerun roba akwai benci guda na katako kusa da ƙofa, ya gane shi kamar yadda ake gane ɗan gari a tasha. Bayan an tashi ya je da ƙafarsa ya gaya wa limamin majami'ar, wani matashi mai suna Fasto Ayuba, ko shi wane ne.

Fasto Ayuba ya ɗauki maganar da zafi, ya kai ta majalisar gunduma. Nan aka gano cewa bisa tsari, majalisar da ta sa horo ita kaɗai ke iya ɗage shi, kuma sai mutum uku cikin biyar sun zauna. Biyu sun rasu da ajalinsu, ɗaya an kashe shi a hanyar Tsafe, ɗaya yana Kaduna, tsufa ya sa bai ma san sunan 'ya'yansa ba. Saura Bawa, wanda shi ma gudun ya kawo shi Gusau, yana kwana a shagon ɗansa. Bawa ya je gaban gunduma da sanda ya ce ya janye hukuncin. Aka gode masa, aka bayyana masa cewa mutum ɗaya ba majalisa ba ne. Hanya guda da ta rage ita ce ta asali, wato furucin, domin shi ba ya bukatar kowa ya zauna. Aka kafa kwamiti ya duba ko akwai wata. Kwamitin yana nan da ransa.

Tun daga lokacin Bawa ya koma zama a bencin baya. Ya ce fitsari ke damunsa, yana son kusa da ƙofa. Mai wannan rubutu, wanda ƙaura ba ta gyara masa hali ba, yakan iso ya tarar da su biyu, ya matsa a tsakiya.

Bawa yakan ce, "Wanga bai kai naka tauri ba."

Malam yakan ce, "Kafintan bai san tauhidi ba."

Wata rana ana raba Jibi, farantin ya iso, Bawa ya ɗauki nasa gutsuren ya riƙe, ya daɗe yana kallonsa, hannunsa ya fara karkata wajen Malam. Malam, ba tare da ya dube shi ba, ya ce, "Ci abinka, Bawa. Kada ka ja wa kanka, ba wanda ya rage da zai ɗage maka."

Jinya da rasuwa

A farkon daminar 2024 ciwon zuciya da kumburin ƙafa suka kwantar da shi. Da jiki ya yi nisa, Fasto Ayuba ya zo gidan wata safiya da 'yar jaka, ya nemi a rage mutane a ɗakin. Ya fito da burodi a ƙulle cikin hankici da ƙaramar kwalba.

Malam ya ce, "Gunduma ta yarda?"

Ya ce, "Baba, ba su sani ba."

Malam ya ce, "Za su sani. Kullum akwai mutum biyu da sunka zo neman wani abu." Ya numfasa. "Ɗiyanka nawa?"

"Uku, Baba."

"Mayar da shi jaka. Na san wurin da za su kai ka, ba ya da majingina."

Fasto ya ce ai Malam ma abin da ya yi wa mahaifiyarsa ke nan. Malam ya ce ita ba ta da wanda ya gaya mata a fili cewa an karɓe ta, sai ta taga. Shi kuwa ya sani, shi ya koya wa rabin gundumar. Ya ce ba burodin ke ceto ba, yana dai marmarinsa ne kawai, kuma ya saba.

Talatu, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ce daga bakin ƙofa, "Ka hana kanka da dokarsu, yanzu ka hana kanka da tausayinka. Ni dai shekara talatin da biyu nike jiran in ga ka tauna abin ga." Ya ce ta yi haƙuri. Ta ce ta yi, ya ƙare. Fasto Ayuba ya yi addu'a ya mayar da kayansa. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai dawo, bai dawo ba.

Malam Yusha'u Dogo ya rasu ranar Talata, cikin watan Satumba 2024, da hantsi, yana da shekara saba'in da takwas, yana ƙarƙashin horo.

Jana'iza

Washegari Alhaji Bashar ya ɗauko akwatin a motarsa ta haya, ya cire kujerun baya, bai karɓi ko kuɗin mai ba. Bisa tsari, gawar ta tsaya a ƙofar harabar majami'a. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙe, aka rasa inda za a ɗora akwatin, kujerun roba kuma ba sa ɗauka. Aka tura matasa su nemo abin da ya fi kusa da ƙofa. Suka fito da bencin.

A kansa aka ɗora shi. Fasto Ayuba ya yi wa'azi a tsaye a titi, a kan cewa ceto kyauta ne, ba ladan aiki ba, kuma babu mai fahariya a gaban Allah. Jama'a suka ce amin. Bawa ya zauna a ɗan gefen da akwatin ya rage, babu wanda ya tashe shi. Mai wannan rubutu ya iso kan lokaci. Daga nan aka wuce da shi maƙabartar Kirista da ke bayan gari, aka binne shi kafin azahar, nesa da kabarin mahaifiyarsa, wanda yau ba mai iya zuwa.

Waɗanda ya bari

Ya rasu ya bar matarsa Talatu, da 'ya'ya biyar: Ishaya, dattijon ikilisiya, wanda ya ajiye riƙon faranti tun ranar jana'izar, Rifkatu, ma'aikaciyar jinya, matar mai wannan rubutu, Jamila, a Tudun Wada, Bitrus, makanike a Tsafe, da Ummi, malamar makaranta. Ya bar jikoki goma sha tara.

Kwamitin shirya taro ya duba wannan tarihi, ya yaba da tsarinsa, ya nemi a cire jimla ɗaya kafin a karanta a gaban jama'a, domin har yanzu gunduma ba ta yanke hukunci a kanta ba. An kai maganar ga Talatu. Ta ce wanda ya ƙi cire ta ya biya shekara talatin da biyu, ba za a cire ta kyauta ba. Ga ta nan yadda take:

Mahaifiyarsa, Hannatu, mai dafa giya, mai bi ce, an yi mata baftisma a Tungar Marke a watan Agusta 1992.